Madina: Wuraren Da Na Ci Na Ƙoshi, Guzuri Bai Yi Kuka Ba

   

A wannan watan za mu leƙa wani fanni ne da ba a cika yi wa mata bayaninsa ba idan za su tafi ƙasa mai tsarki. Duk wadda ta taɓa zama a wurin bita ta san ana koyar da ihrami da ɗawafi da sa'ayi, ana faɗin abin da ke ɓata aiki da abin da ke gyara shi, amma da wuya ki ji malami ya ce ga inda za ki karya kumallo, ga inda za ki sayi abincin rana. Alhali kuwa Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Matar da za ta taka daga masauki zuwa Masallaci sau biyar a yini, ta tashi tun kafin kiran assalatu, ta yi tsayuwar layin ziyara, idan cikinta bai samu abin kirki ba kwana uku sun isa su kwantar da ita. Ga shi kuma guzuri, a yadda canjin kuɗi yake, ba abin da za a yi wasa da shi ba ne. Na ga matan da suka ƙarar da rabin abin hannunsu a kan abincin da ba su ma ji daɗinsa ba, na kuma ga waɗanda suka ƙuntata wa kansu da gari da biskit har jiri ya riƙa ɗibarsu a sahu.

Allah ya nufe ni da yin umara a watan Rajab na shekarar 1445, wato farkon 2024, ni da maigida da mahaifiyarsa. Hajiya tana fama da ciwon suga da hawan jini, saboda haka kula da cimarta ya faɗo a kaina, shi ya sa na baza ido da kunne a kwana takwas ɗin da muka yi a Madina. Abin da na gano shi ne zan ba ku, ko Allah zai sa ya amfani wata.

Ki tsallaka titi tukuna

Masallacin Manzon Allah (SAW) yana tsakiyar wata unguwa ce da ake kira Markaziyya, wadda kusan dukkanta manyan otal-otal ne da kantuna. Wani babban titi ya kewaye ta kamar zobe, sunansa Titin Sarki Faisal. A cikin wannan zoben kuɗin haya yana da tsada ƙwarai, kuma mai gidan abinci a kan farantinki zai fanshe. Da zarar kin tsallaka titin nan kin shiga lungunan da ke bayansa, sai ki tarar da wata Madina dabam, inda direbobin tasi da masu tsaron kanti da ma'aikatan otal suke cin nasu abincin. Wasu abokan tafiyarmu sun lizimci wani gidan abinci da ke ƙarƙashin masaukinmu saboda kusa, da muka zauna lissafi sai muka ga shinkafa da kazar da suke saya ta kusa ninka kuɗin tamu, ga tamu ta fi yawa, ta fi zafi.

Alamar da nake bi guda ce. Duk inda na ga mutanen gari sun yi layi, ana sauke tukunya ana ɗora wata, to nan ne wurin. Abincin da ake rububinsa ba ya kwana. Wurin da kika ga an jera abinci a bayan gilashi, mai shago yana zaune yana danna waya, ki wuce abinki.

Karin kumallo: tamis da ful

Idan aka idar da sallar asuba, musamman a lokacin sanyi irin wanda muka je, iskar Madina tana ratsa mayafi. Babu abin da ke gyara jiki a wannan lokacin kamar tamis mai zafi. Tamis wata faffaɗar gurasa ce, faɗinta ya kai faifai, ana manna ta a jikin tanderu kamar dai yadda ake gasa gurasar Kano, sai dai ita ta fi faɗi, bakinta kuma yana da ɗan ƙarfi. Yawancin masu yin ta mutanen Afganistan ne. Za ki ga mutum uku a ɗan ƙaramin shago, ɗaya yana murza ƙullu, ɗaya yana huda shi da wani ƙarfe mai haƙora don kada ya kumbura, na ukun yana jefawa a tanderu yana cirowa da ƙugiya. A gabanki za a gasa, a miƙo miki tana tururi. Lokacin da muka je, riyal biyu ya isa ki karɓi guda, kuma guda ɗaya ta ishi mutum biyu.

Iri-iri ce. Akwai ta gama-gari, akwai mai cuku, akwai wadda suke kira biskot mai suga da man shanu, yara suna son ta ƙwarai. Akwai kuma ta burr, wato ta alkamar da ba a cire mata dusa ba. Ita nake saya wa Hajiya, domin ta fi riƙe ciki, kuma ta fi dacewa da mai suga a kan ta farin fulawa.

Abokin cin tamis shi ne ful, wani wake mai faɗi da ake dafawa dare guda a cikin wani tulun ƙarfe mai siririn wuya, har ya narke. Mai shago zai zura dogon ludayi ya kwaso, ya dama shi, ya zuba man zaitun ko man shanu, ya sa ɗan yajin tumatir da kore barkono a gefe. Idan kika ce masa ƙullaba, zai juya miki shi a kasko da albasa da tumatir, wannan ya fi kusa da bakinmu. Da yawa daga shagunan nan suna yin adas, wato ƙananan waken nan ja masu narkewa kamar fate, da shakshuka, ƙwai ne da aka soya cikin tumatir da albasa, da soyayyar hanta. Wadda ta yi kewar ƙosai ta nemi ɗa'amiyya ko falafil, ɗan uwansa ne, illa dai shi da ganye a ciki kuma ya fi ƙosai tauri.

Irin waɗannan ƙananan shaguna galibi ba su da wurin zaman mata. Maigida ne ke shiga layi, ni ina gefe, mu ɗauko mu dawo ɗaki. Da filas ɗin ruwan zafi da ganyen shayi, karin kumallon mutum uku bai kai kuɗin kofin gahawa biyu a falon otal ba.

Akwai wasu abubuwa biyu na safe da ba zan tsallake ba. Na farko ma'asub: gurasa ce ake daddagawa tare da ayaba, a zuba zuma da kirim ɗin madara da suke kira ƙishɗa, wasu su barbaɗa habbatus sauda. Daɗi kam ba a magana, amma yana da nauyi da zaƙi, cokali huɗu ya ishe ki, mai suga kuwa ta kalla da ido kawai. Na biyu muɗabbaƙ: ƙullu ne da ake shimfiɗawa siriri kamar takarda, a zuba niƙaƙƙen nama da ƙwai da ganyen albasa, a ninke shi, a soya a faffaɗan kasko, a yanka gutsi-gutsi a ba ki da lemon tsami. Ya fi samuwa da yamma da dare, kuma ya wadatar a matsayin abincin dare mai sauƙi.

Gidan burodi

Kalmar da za ki nema a allon shago ita ce makhbaz ko makhabiz. Abin da Madina ta yi suna a kansa a nan shi ne shuraik, wani burodi mai laushi, zagayayye da rami a tsakiya kamar awarwaro, an barbaɗe bayansa da riɗi. Duk wadda ta taɓa buɗa baki a Masallacin Manzon Allah (SAW) da azumi ta san shi, domin shi ake jerawa a kan ledar buɗa baki tare da dabino da kindirmo da wani gari da ake kira duƙƙa. Ita duƙƙa garin kayan ƙamshi ce da gishiri, mai ɗan tsami-tsami, kamar yajinmu ne da aka cire wa barkono. Ana barbaɗa ta a cikin kindirmo, a dangwala shuraik a ci. Ba sai da azumi ba, gidajen burodi suna yin shuraik duk shekara, duƙƙa kuma tana wurin masu kayan ƙamshi. Wannan ya zame mana abincin dare a ranakun da gajiya ta hana fita, kuma bai taɓa ɓata wa kowa ciki ba. Duƙƙar tana da gishiri, don haka kaɗan nake sa wa Hajiya.

A gidan burodin za ki samu samuli, dogon burodi mai laushi irin wanda yaranmu suka saba da shi, da faɗa'ir masu cuku ko alayyafo ko za'atar, da ma'amul, wani ɗan cincin mai laushi da aka cusa wa dabino. Ma'amul yana jure tafiya, ya yi tsaraba mai kyau ga surukai da maƙwabta. Masu son kayan zaƙi irin su kunafa da basbusa da baƙlawa, akwai shagunan Saadeddin da makamantansu, ana sayarwa da awo, kina iya cewa a ba ki rubu'in kilo ki ɗanɗana kafin ki saki kuɗi.

Kindirmo da madara kuwa a kowane ƙaramin kanti ana samu. Laban shi ne nonon sha mara suga, zabadi shi ne mai kauri. Na kamfanin Almarai ya fi yawa a firij. Ki duba kwanan watan da ke jiki kamar yadda kike yi a gida. Idan sayayyar ta yi yawa, akwai babban kantin Bin Dawood kusa da Masallaci, amma ƙananan kantunan bayan titi ba su da cunkoso irin nasa.

Abincin rana

Shinkafa ita ce sarauniyar rana a can. Wadda za ki fi gani ita ce bukhari, sunanta daga mutanen Bukhara da suka zauna a Hijaz tun da daɗewa. Ana dafa ta da karas da albasa da tumatir da ɗan zabibi, ta yi kama da dafa-dukarmu amma ba ta da yaji, a ɗora gasasshiyar kaza a kai. Sai mandi, wadda asalinta daga Hadramaut ne a ƙasar Yaman: ana rataya nama a cikin rami mai garwashi, tukunyar shinkafa tana ƙasa, romon yana ɗiga a kanta, ga ƙamshin hayaƙi. Sai kabsa, wadda ake dafa shinkafar a cikin romon naman kai tsaye. Dukkansu ana ba da su da wani ɗanyen miyan tumatir da barkono a 'yar roba. Mu da muka saba da yaji, ki riƙe ɗan garin yajinki a jaka, zai yi miki rana.

Abin lura a nan shi ne yawan abincin. Abin da suke kira na mutum ɗaya, wato nafar, ya ishi mace biyu har a rage. Mu uku rabin kaza da shinkafa nafar ɗaya muke saya, mu ƙara da salak da laban, kowa ya ƙoshi. Raina ya sosu da yawan shinkafar da na gani a kwandunan shara na masauki, wadda aka saya da kuɗin da aka yi shekaru ana tarawa. Ki sayi kaɗan, in bai isa ba shagon yana nan. Kuma dafaffiyar shinkafar da ta wuce awa biyu a ɗaki ba a firij ba, kada ki ba tsoho ko yaro.

Ga tsofaffi marasa ƙarfin haƙori akwai salik, abincin mutanen Hijaz, shinkafa ce da ake dafawa da romo da madara har ta yi laushi kamar fate, a ɗora kaza a sama. Akwai kuma shurba, romon alkama ko na adas. Hajiya ta fi son shurbar adas da tsokar kaza da ɗan yankin tamis ɗin burr, shinkafa kuwa cokali kaɗan take ci. Wani abin taimako shi ne tun shekarar 2019 hukumar ƙasar ta wajabta wa gidajen abinci rubuta adadin kalori a gaban kowane abinci, saboda haka kina iya kwatanta mai nauyi da mara nauyi tun kafin ki saya. Amma mai suga ko hawan jini ta zauna da likitanta tun a gida, ta ji abin da ya dace da ita, ta kuma tafi da magungunanta isassu.

Ranar da muka so mu zauna a natse mu ci mandi, tasi muka shiga zuwa Al Romansiah, gidan abinci ne mai rassa a garuruwan Saudiyya, yana da ɗakunan iyali da ake zama a ƙasa a kan darduma a rufe ƙofa. Mai niƙabi za ta ɗage ta ci abincinta hankali kwance. A watan Disamba na 2019 gwamnati ta soke dokar da ta tilasta wa gidajen abinci yin ƙofar maza dabam da ta iyali, amma har yanzu da yawansu sun bar sashen iyali yadda yake. Ki nemi allon da aka rubuta awa'il ko a'ilat. Titin Sulɗana ma cike yake da gidajen abinci iri-iri, sai dai shi ma sai da mota.

Ba zai yiwu a yi maganar abinci a ƙasar nan a bar Albaik ba. A Jidda aka kafa shi a 1974, kuma soyayyar kazarsa da miyar tafarnuwar da ake haɗawa da ita sun yi sunan da duk alhaji ya sani. Kuɗinsa da sauƙi, shi ya sa layinsa ba ya yankewa bayan sallar isha'i. Ki je da hantsi ko tsakanin azahar da la'asar. Wadda ba ta son abin mai ta nemi Al Tazaj, wanda aka fara a Makka a 1989, su gasa kaza suke yi a kan garwashi. Shawarata dai soyayyen abu ya zama na marmari, sau ɗaya ko biyu a tafiyar, domin cikin da ya sha mai ba ya son tsayuwar dare.

Idan bakinki ya gaji da abinci mara yaji, gidajen abincin 'yan Pakistan da Indiya suna nan birjik a bayan otal-otal. Biryani ɗinsu da miyar kaza da capati mai zafi sun fi kusa da irin yajin da muka saba, kuma suna cikin mafi araha.

Shayi da gahawa a hanyar Ƙuba

Wurin da ya fi kwanta mini a rai duk tafiyar shi ne hanyar Ƙuba. Daga Masallacin Manzon Allah (SAW) zuwa Masallacin Ƙuba kimanin kilomita 3 ne, an gyara hanyar don masu tafiya a ƙasa, an shimfiɗa mata duwatsu, ga kujerun hutawa, ga ƙananan motocin lantarki masu ɗaukar wanda ya gaji a biya su. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yakan ziyarci Ƙuba ranar Asabar, don haka muka zaɓi safiyar Asabar, Hajiya a mota, mu a ƙasa. Gefen hanyar duk shagunan shayi ne da gahawa da kayan ƙwalama, har da askirim mai ɗanɗanon dabinon ajwa.

Madina ta shahara da na'ana'a, kuma ba iri ɗaya ba ce. Akwai magribi, akwai hasawi, akwai habaƙ, akwai dosh, kowanne da ƙamshinsa, wasu ma har da furen wardi suke haɗawa. Mai shayi zai cusa ganyen ɗanye a kofi ya zuba baƙin shayi a kai. A kusa da Masallacin Ƙuba akwai wata gonar dabino da ake kira Bustanul Mustazal, wadda masu tarihin Madina suke cewa a wajenta ne mutanen gari suka tarbi Manzon Allah (SAW) lokacin hijira. Yanzu an sa wuraren zama a ƙarƙashin itatuwan ana sayar da shayi. A nan muka huta, muka karya da shuraik ɗin da muka riƙo. Na sayi busasshiyar na'ana'a da habaƙ na kawo gida, ba su da nauyi a kaya, ba su da tsada, kuma duk baƙuwar da na dafa wa sai ta tambaya.

Masu son shayi da madara su nemi adani, na mutanen Yaman, ko karak. Amma a sani tun a tukunya ake zuba musu suga. Mai ciwon suga ta tsaya a kan baƙin shayi, ta ce bidun sukkar.

Gahawarsu kuwa ba baƙa ba ce irin wadda muka sani. Ruwan ɗorawa ce, ba a gasa 'ya'yan sosai ba, ana dafa ta da hel, wasu su ƙara za'afaran, ba a sa mata suga, da dabino ake sha. Suna ji da ita har gwamnati ta sanya wa 2022 suna shekarar gahawar Saudiyya. A ɗan finjali ake zubawa, kaɗan-kaɗan, ki karɓa da hannun dama. Idan Balarabiya ta zuba miki a harabar Masallaci, kuma za su zuba miki domin mutanen Madina akwai son baƙo, duk lokacin da kika miƙa finjalin za ta ƙara. In kin ƙoshi sai ki ɗan girgiza shi kafin ki miƙa, ta gane.

Kasuwar dabino

Kada ki yi gaggawar sayen dabinon tsaraba a shagon farko. Akwai kasuwa guda ta dabino zalla, Suƙut Tumur, duk direban tasi ya san ta. A can ana ba ki ki ɗanɗana, ana kuma yin ciniki. Ajwa ƙarami ne, baƙi, mai laushi da siraran layuka a jiki, shi ne wanda hadisi ya zo da falalarsa, shi ya sa ya fi tsada. Safawi ma baƙi ne amma ya fi tsawo, ya fi araha, kuma wadda ba ta sani ba tana iya ɗaukarsa a matsayin ajwa, to ki lura da siffar. Mabrum dogo ne siriri mai ɗan tauri, yana daɗewa bai lalace ba. Anbara shi ne mafi girma. Sukkari kuwa daga yankin Ƙasim ake kawo shi, mai laushinsa yana son firij, ba ya jure zafin hanya. Ki sa a buɗe kwalin a gabanki ki ga na ƙasa, a auna a gabanki. Dabino uku da kofin laban kafin fita sallar asuba suna riƙe mutum har hantsi.

Idan kewar gida ta taso

Wata rana da daddare maigida ya shigo da wani ƙunshi, tun kafin ya buɗe Hajiya ta ce, "Kai, wannan ai ƙamshin tsire nake ji." Ya ce, "Shi ne, Hajiya, a nan siriya suke ce masa." Nama ne aka yanka fale-fale, aka tumurmusa shi a garin ƙuli da kayan yaji, aka gasa, ga albasa da lemon tsami a gefe. Kakanninmu ne suka kai shi. Tun kafin jirgin sama, mutanenmu suna tafiya Hajji a ƙasa ta Chadi da Sudan, su yi shekaru a hanya, su tsallaka Bahar Maliya, da yawa kuma suka zauna a Makka da Madina da Jidda. Jikokinsu ne ake kira Hausawi da Barnawi da Fallata. Kyaftin ɗin 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 ma sunansa Usama Hausawi. Yau Larabawan Hijaz suna cin siriya a matsayin abincin garinsu, har garin da ake barbaɗawa wasu yaji suke ce masa kamar mu.

Tuwo da miyar kuka kuwa a Makka aka fi samunsu, wajen Misfala da sauran unguwannin da mutanenmu suke sauka. Ki sayi wanda aka kwashe a gabanki da zafinsa, kuma ki fifita mai shago a kan na bakin titi, domin sayar da abinci a titi ba da izini ba laifi ne a dokarsu, ga kuma rana da ƙura. A Makkan idan kina neman ful da ma'asub masu kyau, ki tambayi Al Qarmoushi ko Abu Zaid, sanannu ne.

'Yan kalmomin da za su fisshe ki

Larabcin da muka koya a Islamiyya yana taimakawa wajen karanta allo, amma yawancin masu shagon nan 'yan Bangladash ne da Pakistan da Yaman da Afganistan, gajeren Larabcin kasuwa suke ji. Bikam, wato nawa ne. Safari, a ƙunsa miki ki tafi da shi. Mahalli, a nan za ki ci. Habba kaza guda ce, nus habba rabi, rubu'u kwata. Harr mai yaji ko mai zafi. Bidun milh, ban da gishiri. Ki riƙe ƙananan kuɗi, ki kuma karɓi rasit ki duba. Akwai harajin kaya na kashi 15 cikin 100 tun watan Yuli na 2020, za ki gan shi a rubuce a jikin rasit ɗin, ba cutarki aka yi ba.

Sai maganar lokaci. Shagunan da ke kewaye da Masallaci yawancinsu suna rufewa da an kira salla, kuma da an sallame jama'a suke yin ca a kansu. Ki sayi na safe da an fito asuba kai tsaye ko ki bari sai hantsi, na rana kuma ki bari cunkoson bayan azahar ya lafa. Ranar da kike da izinin shiga Rauda, wanda ake nema ta manhajar Nusuk, ki ci abu mara nauyi tun da wuri, kada ki cika shan shayi, domin jiran yana iya tsawo kuma banɗaki yana waje. Ruwan zamzam yana nan kyauta a cikin Masallaci, daga Makka ake kawo shi. Akwai mai sanyi, akwai wanda aka rubuta wa gairu mubarrad, wato mara sanyi, shi ya fi dacewa da masu saurin kamuwa da mura da tari.

Uwargida, idan tafiyar ta ƙungiya ce, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku yi asusun abinci, ɗaya ta riƙe lissafi, mazajenku ko jagoranku su riƙa sayowa. Ku tuna da tsohuwar da ta zo ita kaɗai ba ta jin Larabci, ba ta san ko ina ba sai lif da ƙofar Masallaci. Sau da yawa irinsu ne ke kwana da yunwa suna jin kunyar faɗa. Ku ƙwanƙwasa mata ƙofa idan tamis ya iso.

Nan zan dasa aya. Wadda ta san wani wurin da ban ambata ba, a Madina ko a Makka, ta rubuto mana mu ƙaru da juna. Waɗanda suka je Allah ya karɓa ya maimaita, waɗanda ba su je ba Allah ya kira su da rai da lafiya da wadataccen guzuri. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah ya kai mu.

Wassalamu alaikum. Taku har kullum, Malama.